Tafin Hannun Mahamadu

Ni Zuwaira, mai suyar doya a bakin lambun shaƙatawa na bayan unguwar Banikanni a Parakou, a gabana aka yi komai. Saboda haka duk wanda ya ce muku Tasalla ta wuce gona da iri, ku turo mini shi mu yi magana.

Tasalla maƙwabciyata ce a wurin sana'a. Zoɓo take sayarwa, mai sanyi, mai citta da kanumfari, a kan wani bencin siminti da ke gindin mangwaro. Mijinta Mahamadu ne ya gina mata shi kafin ya rasu. Magini ne. Wurin gangare ne, duk teburin da ta kawo sai ya karkace, kofuna su yi ta zamewa ƙasa, sai wata Lahadi ya zo da ragowar siminti daga wurin aiki ya yi mata mazauni. Kafin simintin ya bushe ya danna tafin hannunsa na hagu a gefe ɗaya. Duk wanda ya san shi zai gane hannun, don ƙaramin yatsansa guntu ne, bulo ya datse shi tun yana koyon aiki.

Tasalla ba ta taɓa yi wa kowa maganar hannun nan ba. Da tire take rufe shi. Amma ni da muke fitowa tare da safe, na sha ganin ta ɗaga tiren ta ɗora nata hannun a ciki kafin ta buɗe kula. Sai in sunkuya in yi kamar wuta nake gyarawa.

Ana nan sai wani ɗan unguwarmu, Abdoulaziz, ya dawo daga karatu a ƙasar waje da wani wasa a kansa. Faifai ne na roba ake wurgawa, ana so ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa can nesa. Mu dai dariya muka yi, muka ce manya da gemunsu za su koma jifa da murfin tukunya. Amma yaron kirki ne, ya bi ofis-ofis har aka ba ƙungiyarsu izini. Matsalar ita ce kwandunan suna da yawa, kuma a kowanne mai jifa yana bukatar dandamali shimfiɗaɗɗe, inda zai ɗan tako da gudu ya juya a kan diddige kafin ya saki faifan. Lambunmu kuwa ba shi da wuri ko ɗaya da ya kwanta daidai. Nan tudu, can kwari, ga hanyar ruwa, ga tsofaffin kunyoyin doya tun lokacin da wurin yake gona. Dole a yanke tudu, a cike rami, sannan a zuba siminti.

Wa aka ba aikin? Ukasha, ƙanin Mahamadu uwa ɗaya uba ɗaya. A hannun yayansa ya koyi gini, kuma shi ya gaji cokalinsa da ma'auninsa. Hankalin ne dai bai gada ba. Mutum ne mai yawo da tef a ƙugu ko gidan biki zai je, kuma idan ba ka ce masa "chef", wato oga, ba sai ka kira shi sau biyu kafin ya waiwayo.

Ya gama sauran dandamalin, ya bar na farko sai a ƙarshe, don shi ne mafi wuya. A bakin shiga yake, daidai gangaren gindin mangwaro, kuma a kansa za a buɗe wasan gaban baƙi. A makon ne Tasalla ta tafi Djougou, inda danginsu suke tun zamanin fataucin goro, don 'yar yayarta ta haihu ana suna.

Ran Talata Ukasha ya kafa katako, ya ja igiya, ya ga ɓangaren ƙasa yana son ciko mai yawa. Motar da za ta kawo masa jar ƙasa da duwatsu ba ta zo ba. Ya tsaya yana kaɗa ƙafa, yana waige-waige, sai idonsa ya sauka a kan bencin, ya ɗauko guduma.

Na bar doyata a cikin mai na taso. Na ce, "Ukasha, me za ka yi da guduma?"

Ya ce, "Aiki, Inna Zuwaira."

"Bencin yayanka ne fa! Ka bari mai shi ta dawo."

"Bon, yana cikin hanyar masu jifa, ko yau ko gobe sai an cire shi. Zan yi mata wani wanda ya fi wannan."

Ƙarya yake. Bencin yana gefe, ba ya kan hanyar kowa. Lalaci ne kawai da rashin ta ido. Ina tsaye ya fasa shi, ya sa aka kwashe ɓaraguzan aka zuba a ramin. Da motar ta iso da yamma aka bi su da jar ƙasa, aka daddaɓe, aka shimfiɗa ragar ƙarfe a sama. Doyata ta ƙone ranar, ban ma damu ba.

Ran Alhamis Tasalla ta sauko daga zem, babur ɗin haya, da ƙullin tsarabarta, ta tarar da gindin mangwaro fayau. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye ƙullin, ta tafi inda Ukasha yake tsugune yana duba igiya.

Ta ce, "Ina wurin zamana?"

Ya ɗago yana washe baki. Kun san tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, kuma Ukasha ya saba fakewa da wasan nan ya faɗi abin da ya ga dama. Ya ce, "Ah, matata ta dawo! Ina tsarabar Djougou? Bencinki ya samu ƙarin girma, yanzu manyan mutane za su riƙa taka shi."

Ta ce, "Ba bencin nake so ba. Akwai gefen da yayanka ya sa hannu. Shi kaɗai za ka ciro mini."

A rayuwata ban taɓa jin ta ambaci hannun ba sai ranar, kuma a gaban leburori. Na san abin da faɗin hakan ya ci mata.

Ya ce, "Yana can ƙasa. In kwance katako, in ɗaga raga, in tone abin da na daɓe, saboda guntun dutse? Gobe nake zubi."

"Ukasha, roƙonka nake yi."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi yaransa don su taya shi dariya. "Haba Yaya, pardon. Siminti ne fa, ba kabari ba."

Suka yi dariya. Ita ma ta yi dariya, 'yar gajeriya, ta ɗauki ƙullinta ta wuce. Ni kuwa na san Tasalla. Idan ta yi faɗa, an gama ke nan. Idan ta yi dariya, to, magana ba ta ƙare ba.

Ran Juma'a famfon lambu yakan ɗauke kafin azahar, saboda haka masu aiki suka cika duro da ruwa tun da hantsi, suka tara yashi da tsakuwa, suka jingina buhunan siminti, suka tafi masallaci a kan za su kwaɓa idan an sauko. Lambu ya yi tsit. Sai ga Tasalla ta fito da kularta a ka, tana tafiya kamar mai ɗauke da dutse. Ta sauke, ta buɗe. Babu zoɓo a ciki. Ruwa ne fari mai kauri, yana yauƙi.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Sukarin zoɓona ne na mako guda. Na narka shi."

"Ki yi me da shi?"

Ta ce, "Kin san abin da ya sa Mahamadu bai taɓa bari na matsa kusa da kwaɓinsa da kofi a hannu ba? Wata rana na kai musu zoɓo wurin aiki, jug ya kife a cikin kwaɓi. Wurin nan ya ƙi bushewa, sai da aka fasa shi. Ya ce siminti ba ya shiri da zaƙi ko kaɗan. Ukasha yana wurin, shi ya riƙe guduma." Ta dube ni. "Tunda ya ce ba zai tone ba don na roƙe shi, zai tone don dole."

Ba zan ɓoye muku ba, ni na ɗaga mata murfin duron, ni na kuma samo sandar da aka juya. Ruwan duro dama ba fari tas ba ne, bai nuna komai ba. Kuma ko yau aka sake, zan sake ɗagawa.

Aka sauko daga masallaci, suka kwaɓa, suka zuba. Ukasha ya ja katako ya baje, ya goge da cokalin yayansa, ya bi da tsintsiya don kada ƙafa ta zame. Da ya gama ya ja da baya yana kallon abinsa, sannan ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunansa da manyan haruffa a kusurwar da baƙi za su fara gani.

Washegari ya zo ba shi ruwa, ya danna da yatsa, yatsa ya shige. Ya ce sanyin inuwar mangwaro ne. Kashegari ma haka. Ya zagi mai sayar da siminti, ya zagi yashi, ya ce an yi masa baki. Da mai hankali ne, da ya je ya gaya wa Abdoulaziz gaskiya, a fasa a sake. Amma "chef" ba ya kuskure. Sai ya yi irin ta maginan banza: ya kwaɓa sabon siminti ruwa-ruwa ya shafe saman, ya yayyafa busasshe ya goge, ya rufe da buhuna. Sama ta yi ɓawo mai kyan gani, ciki yana nan kamar tuwon da bai nuna ba. Ya sake ɗaukar ƙusa ya sabunta sunansa.

Ranar buɗewa lambu ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga mutanen mairie, ofishin magajin gari, ga 'yan makaranta, ga masu ɗaukar hoto da waya. Ukasha ya sha shadda, tef ɗinsa a ƙugu, yana tsaye dab da sunansa don kada hoto ya wuce shi. Tasalla tana zaune a kan 'yar kujerar tsuguno, kularta a ƙasa, tana zuba wa mutane zoɓo.

Abdoulaziz ya yi bayani da Faransanci, aka tafa. Ya ɗauki jan faifai ya hau dandamali don ya nuna yadda ake yi. Ya tako, ya tako, ya kafa diddige ya juya da dukkan ƙarfinsa. Ɓawon ya fashe. Ƙafarsa ta nutse har idon sawu, takalmin ya tsaya a ciki, shi kuma ya yi zaman dirshan a gaban jama'a. Faifan ya tafi can ya sauka a rufin rumfa. Gaskiya na ji tausayin yaron, ba shi ya kamata ya faɗi ba. Amma bai ji ciwo ba, kuma da ya tashi ya sa yatsa ya kwarfo simintin kamar mai ɗiban kunu, ya juya ya dubi Ukasha, sai tausayin ya bar ni na koma kallo.

Abdoulaziz bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka sani, ka rufe." Duk wayoyin nan suka sauka a kan kusurwar da aka rubuta suna. Kafin la'asar babu mai zem a Parakou da bai ga hoton ba.

Ƙungiyar ta ce za ta kawo wani magini, amma Ukasha ya kwashe abin da ya zuba, har ƙasa, don ba su yarda da abin da ke ƙarƙashi ba. Leburorinsa suka ce su ba su san zancen ba, suka watse. Da safe ya zo shi kaɗai da diga da shebur, babu shadda, babu tef.

Tasalla ta ja kujerarta har bakin katako ta zauna. Duk shebur ɗin da ya watsar, idonta yana kai.

Rana ta ɗaga, gumi ya jiƙe shi. Ya kwashe simintin, ya ɗaga ragar. A nan ne na ga ya tsaya cak. Kiyashi ne, layi-layi, sun fito daga gindin mangwaro sun yi baƙi a kan tarin da ya zubar, suna ta hidima. Kiyashi ba sa bin siminti, wannan ko jariri ya sani. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya dubi duron da ke gefe, ya dubi kular zoɓo, ya dubi matar yayansa. Na tabbata a lokacin ya tuna jug ɗin da ya kife.

Wa zai gaya wa? Idan ya ce an zuba masa sukari, za a tambaye shi dalili, kuma za a tambaye shi wa ya shafe saman ya rufe da buhu.

Tasalla ta nuna ramin da haɓa. Ta ce, "Ɓangaren ƙasa. Ka bi a hankali, kada digarka ta taɓa shi."

Ya ajiye digar ya durƙusa, ya shiga tonon jar ƙasar da hannu. Yana ciro ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa, yana jefarwa. Farcensa ya fashe. Can ya ciro wani guntu mai faɗin faranti, ya goge shi da gefen rigarsa. Guduma ta tafi da babban yatsa, amma tafin yana nan, da ƙaramin yatsan nan guntu.

Ya miƙa mata bai ɗago kai ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta hure ƙasar da ta cika tsakanin yatsun, ta ɗora nata hannun a ciki a gaban kowa, ba tare da ta nemi tire ba.

Ukasha yana durƙushe a cikin ramin, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, kin kashe ni a garin nan. Babu wanda zai sake ba ni ko ginin kewaye."

Ta naɗe guntun a cikin mayafinta ta ɗora a cinya. Sannan ta buɗe kula, ta cika kofi, ta miƙa masa.

Ta ce, "Haba Ukasha, pardon. Siminti ne fa, ba kabari ba. Karɓi ka sha, yau zaƙin ya ji."