Rawanin Liman da Na'urar Kunne

Liman Muntari na tsakiyar Fatiha na'urar da ke kunnensa ta sake yin fito, siririn fito mai shiga ƙwaƙwalwa, lasifikar masallacin Morai kuma ta ɗauka ta watsa wa gari. A sahun baya wani ya danne dariya da tari.

Bayan sallame Asuba, Buba ladan ya matso yana murza hannu.

"Allah shi gafarta Malam, dattawa sun ce ko ka huta, na'ibi shi riƙa ba da salla. Abin ga na ɓata natsuwa."

Maganar ta yi wa Liman ciwo ƙwarai. Cire na'urar ba mafita ba ce, don kafin ya same ta ya taɓa tsallake aya, ana ta yi masa gyara daga baya bai ji ba. Amma shi ba mutumin da ƙaramar roba za ta kora daga gaban sahu ba ne. Ya hau kabu-kabu, suka bi gefen magudanar ruwan Bakolori har asibiti a Talata Mafara.

Lantana, ma'aikaciyar sashen kunne, ta kwashe masa dauɗar kunne, ta canza robar, ta mayar. Shiru. Liman ya naɗa rawaninsa zai tafi, fito ya dawo.

"Baba, rawanin ne," in ji ta. "Sauti na fita ya bugi ƙyallen, ya koma cikin na'urar. Kunnen na son sarari."

Ya kwance rawanin, ya daɗe yana kallon sa a cinyarsa. Da shi aka naɗa mahaifinsa, da shi aka naɗa shi.

Da Magariba ya shigo masallaci da 'yar hula kawai, kunnuwa a waje kamar na sabon ɗalibi. A Morai liman ba ya fita ba rawani sai in ya ajiye limanci, don haka na'ibi Abdu ya gyara riga ya nufi gaba.

Liman ya riƙo hannunsa.

"Ina za ka, Abdu? Rawani ni cire, ban sauka ba."

Ya yi kabbara, ya karanta Fatiha lafiya lau. Da jama'a suka amsa "Amin", ya ji ta tar, har muryar dattawan da suka ce ya huta. Daɗi ya cika shi, sai da ya ɗan tsaya kafin ya iya jan sura.