Ranar Da Ya Hau Fo

Da yayata ta rasu, ɗanta bai cika shekara biyu ba. Ubansa direban babbar mota ne, ba ya zama, kakarsa ta wajen uba kuma ta ce bayanta ba zai iya wankin kashi ba.

"Ka riƙe shi," in ji ta, "ranar da ya iya hawa fo sai in ɗauke shi."

Ni da ban taɓa yin wata uku a wurin aiki ɗaya ba, sai ga ni na shekara a gareji guda, kullum in na tashi ina wankin wanduna. Fo ɗin da tsohuwar ta aiko na tura shi ƙarƙashin gado, ban taɓa ɗora yaron a kai ba. Ashe maƙwabciyar da nake bar mata shi tana koya masa tare da 'yarta.

Ranar Asabar tsohuwar ta zo, na shimfiɗa mata tabarma.

"Ina mijin nawa? Ya iya kuwa?"

"Ina fa, Inna! Jiya ma sau uku ya ɓata wando."

Ban rufe baki ba yaron ya kutsa ƙarƙashin gado ya jawo fo, duk ya yi ƙura. Ya tuɓe wandonsa da kansa, ya zauna yana nishi.

"Kawu, na yi! Tafa mini!"

Tsohuwar ta dube ni, ba ta ƙaryata ni ba. A hankali ta ce, "Haɗa masa kayansa, ɗan nan."

Shi kuwa yana zaune yana jirana, baki har kunne. Na tafa masa.