Gemun Ƙudan Zuma

"Me kika rubuta masa?" Goggo ta tambaya, tana leƙen kwamfutar ta saman tabarau.

"Cutar da ke korar ƙudan zuma daga akwati," in ji Auta. "Kwana biyu ke nan, Goggo. Duk shafin da na buɗe sai in ga mutuwa."

Goggo, ƙanwar babanta, ta shekara ashirin tana aiki a wannan laburare. Ta jawo kujera ta zauna ba tare da ta yi gaggawa ba, abin da ya ƙara ƙona wa Auta rai.

Akwatin zuma ɗaya ne tak, na mijin Auta, wanda ya tafi kwas na wata shida. Ranar da zai tafi bai ce ta kula da gida ba, bai ce ta kula da kanta ba. Hannunta ya kama ya ɗora a kan murfin akwatin, ta ji gunjinsu yana ratsa tafinta, ya ce, "Ga amanata." Yanzu ga su sun fito sun dunƙule a bakin ƙofa, baƙi ƙirin, suna reto. Maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga ya ce annoba ce, a cinna wa akwatin wuta kafin ta kama nasa.

"Shi injin binciken nan ɗan amshin shata ne," Goggo ta ce. "Kin ce masa cuta, ya kawo miki cuta. Matsa."

Ta buɗe wani shafi marar ado, jerin batutuwa kawai.

"Wannan mutane irina ne suka zauna suka tsara shi, kamar kantocin littattafan can. Ba sai kin san sunan abin da kike nema ba. Daga babba za ki gangaro zuwa ƙarami."

Auta ta danna Noma. Ta danna Kiwo. A ƙasan kaji da kifi ta ga Kiwon Zuma, ya buɗe rassa shida. Hannunta ya zarce kan Cututtuka, Goggo ta ɗan buge shi.

"Ke likita ce? Kin ga gawarsu a ƙasa?"

"A'a."

"Akwatin yana wari?"

"Ƙamshi ma yake yi."

"To, uwar gaggawa, karanta sauran."

A can ƙasa akwai Halayensu a Lokacin Zafi. Shafi uku kacal aka jera, kowanne da ɗan bayani a gefe. Ta buɗe na farko, sai ga hoton akwati kamar an ɗauko daga bayan ɗakinta, ƙudan zuma sun zubo daga bakinsa kamar gemun dattijo. Ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi. Idan zafi ya yi yawa kuma gidan ya cika, sukan fito waje don iska ta ratsa ciki. Alamar ƙarfi ce. Inuwa suke so, da ruwa a kusa.

Dariya ta kufce mata tare da hawaye, har wani mai karatu ya ɗago kai.

"Shan iska suka fito, Goggo! Shan iska!"

"Kamar kawunki bayan azahar. Rage murya, 'yar nan, za ki sa a kore ni."

Auta ta goge fuska da gefen mayafi, ta suri jakarta.

"Ba mai ƙona mini komai. Yanzun nan zan je in kafa musu rumfa."