Noti Mai Cibiya

Tun da maigidana ya zazzage notinan nan a kan buhu na san akwai magana. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ajiye a hankali, sannan ya shiga goge hannunsa da tsumma alhali bai taɓa baƙin mai ba. Na san mutumin nan sarai. In ya fara goge hannu mai tsabta, to wani abu ya lalace.

Maigidan nawa, Abdulƙadiri, bakanike ne, duk Wurno an san shi. Motar kuwa ta mahaifina ce, Baba Maccido: tsohuwar Landiroba da ta girme ni. Da ita ya yi ta jigilar albasa da mutane tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, a cikin rairayin da sauran motoci ke kafewa. Shekarun baya gaskit ɗin inji ya ƙone, aka kwance tof, wato murfin da ke rufe saman inji, aka zuba notinansa a gwangwani. Gwangwanin ya bi duniya, motar ta zauna a kangon bayan gidanmu kaji suna ƙwai a cikinta.

Bana ne Baba ya tashi da rigima. Sai an tayar masa da motarsa, ya tuƙa ta da kansa zuwa kasuwar Goronyo ko sau ɗaya ne. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a tasha, babu wanda bai ji ba. Maigidana ya yi watanni yana zuwa bayan ya rufe gareji, ya wanke, ya kankare, ya haɗa, har ya rage ɗaure tof kawai. Noti ɗaya tak na asali ya tsinta a ƙarƙashin kujera. Ya miƙa wa Baba ya tafi da shi Sakkwato don a gwada a sayo irinsa, Baba ya ce shi za a ba samfur? Shi da ya kwance injin nan tun ba a haifi mai ba shi samfurin ba? Ya sa tsohuwar sifanarsa a aljihu ya tafi shi kaɗai.

Akwai abin da na sani wanda ba a faɗa a gidanmu. Idon Baba ya tafi, ko ya kusa. Ni nake kai masa abinci, ina ganin yadda yake lalubar kofi da bayan hannu yana yi kamar ƙuda yake kora. Bai taɓa furtawa ba, mu ma ba mu taɓa ba.

Ranar ɗaure tof, bayan la'asar, abokansa tsofaffin direbobi suka cika tabarmi a kangon. Na kawo fura na tsaya a bakin ƙofa.

"Ga su nan, masu cin sifana sha tara na duka," in ji Baba. "Ni da kaina nig gwada su da sifanata, nid duba su ɗaya-ɗaya da idona. Ɗaure muna tof, Malam Ƙadiri."

"To, Baba," in ji maigidana.

Iyakar abin da suruki ke iya cewa ke nan. Ya zo wurina kamar zai sha ruwa, ya yi ƙasa da murya.

"Ba nata ba na."

"Ba sifana ta kama su ba?"

"Kan ɗai yaz zo ɗaya. Nata zarensu awon inci na, na waɗanga awon milimita. Sun ɗan hi siranta, shi ya sa suna shiga lahiya lau. In anka matse, sai su ɗebe zaren da ke jikin injin."

"In zaren ya tahi hwa?"

"Sai neman wani inji. Kin san inda aka samu nai?"

"To ka hwaɗa mai mana!"

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. "Gaban abokanai? In ce Baba bai san notin motatai ba?"

Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ko abinci ba ya ci a gaban Baba, ko sunansa bai taɓa kamawa ba, ta ina zai fara?

Muna cikin haka ƙanena Zayyanu ya riga ya hau gaban motar. Zayyanu ɗan kasuwar albasa ne, ƙato, buhu biyu yake ɗauka, amma haƙurin minti ɗaya ba shi da shi. Ya zura noti ɗaya a rami ya murɗa da yatsu.

"Baba, ya shige awa don nan anka yi shi!"

"Ai na hwaɗi," in ji Baba, yana gyara zama. "Sa mai sifana. Ka ƙara hwayif, tof ba ya son wasa."

Zayyanu ya ɗauko wani dogon fayif ya zura a ƙotar sifana. Maigidana ya taka da sauri.

"Zayyanu, dakata in ƙara goge wurin."

"Ka goge shi sau nawa yau?"

"Baba," maigidana ya ce, kansa a ƙasa, "ina ganin ko a bari sai gobe da sahe."

Baba ya juya fuskarsa wajen muryar.

"Mi aka jira gobe? Rana ba ta hwaɗi ba. Ko aikin ya hi ƙarhinka na?"

Wani tsoho ya yi dariya. Maigidana ya ja da baya. Zayyanu ya kama fayif ya ja sau ɗaya. Ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara siririya, na ji ta har cikin haƙorina. Ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a tafin hannu zai sake ja.

Sai na tuna da cibiya. Ina yarinya ni nake wanke wa Baba notina a cikin kananzir. Kowane na motar nan yana da ɗan gurbi zagayayye a tsakiyar kansa, Baba yakan danna babban yatsansa a ciki ya ce, masu cibiya su ne nata, marasa cibiya baƙi ne. Bai taɓa ɗaukar noti bai shafa kansa ba, ko da magana yake yi.

"Zayyanu, tsaya!"

Ban san muryata za ta fita haka ba. Mace ba ta kutsawa tsakiyar tabarmin maza, amma na kutsa. Na ɗauki tsohon notin nan inda maigidana ya ajiye shi a kan madigadin motar, na haɗa da sababbin, na durƙusa gaban Baba na zuba masa a cinya, tsohon a sama.

"Baba, wanga aiki ba a yi nai hakanan. Kai za ka riƙa miƙa su da hannunka, albarkarka ta bi su."

"Kun ji ɗiyar kirki," in ji wani daga cikin tsofaffin.

Baba ya ji daɗi, na gani. Ya yi bisimilla ya ɗauki na farko, babban yatsansa ya zame kan notin ya faɗa gurbin.

"Mai cibiya," ya ce, yana murmushi.

Ya ɗauki na biyu. Yatsan ya shafa, ya tsaya, ya sake shafawa. Ya ajiye ya ɗauki na uku, sannan na huɗu. Murmushin ya bar fuskarsa. Na san abin da na yi, kuma babu damar janyewa. Ya ɗaga notin har ya kusa taɓa idonsa. Ya juya shi wajen rana, ya nesanta, ya sake kusantowa. Duk wanda ke kan tabarmin nan yana kallonsa.

"Zayyanu," ya ce a hankali. "Cire hwayif ɗin nan. Hidda notin, sannu-sannu."

"Baba, ai ya riga ya..."

"Na ce hidda shi."

Notin ya fito da ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli a jikinsa. Maigidana ya karɓi tsohon daga cinyar Baba da hannu biyu, ya hura ramin, ya murɗa shi ciki da yatsu yana saurare. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Da saura, Baba. Zaren ya kama."

Aka yi ta alhamdu lillahi. Har yanzu sabon noti yana hannun Baba. Ya kira sunana.

"Turai, mi ad da akwai bisa kan wanga?"

"Lamba ta, Baba."

"Babba ko ƙarama?"

Na so in yi masa ƙarya. Wallahi na so. "Babba ta, Baba."

"Ban gan ta ba," ya ce.

Wani abokinsa ya yi saurin cewa ai 'yan kasuwar yanzu duk macuta ne, a mayar musu da kayansu. Baba ya girgiza kai.

"Yaron shagon bai cuce ni ba. Sha tara nic ce, sha tara yab ba ni. Har aza min shi ya yi ga hannu yac ce in duba. Nid ɗaga shi awa mai gani, nic ce ya yi. Da na yarda na shahwa, da na sani. Kunya nij ji ya ga ina lalube."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin motar, wanda yake ɗaure da igiyar fata tun muna yara. Ya miƙa wa maigidana, amma hannun ya nufi gefe, wajen taya, inda babu kowa. Maigidana bai ce ga ni nan ba. Ya taka a hankali ya je inda hannun yake, ya durƙusa ya karɓa.

"Ka tahi Sakkwato da mai cibiyar ka nemo 'yan'uwanai," in ji Baba. "In ta tashi, kai ka tuƙi. Ni in zauna gehe in riƙa hwaɗa maka inda rairayi yake."

"To, Baba."

Injin ya tsira, kuma ni na tsirar da shi. Amma ni na zaunar da mahaifina a gaban abokansa na sa ya faɗi abin da ya yi shekara yana ɓoyewa, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Na kwashi ƙwaryar fura na shige gida da sauri kafin kuka ya ƙwace mini, don kunnen Baba lafiya lau yake.