Kujerar Gaba Tana Konduga

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Yerwa ne Nasidi, ɗan ƙanena, ya sayi mota. Dillalin fatu ne a unguwar Mafoni. Wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu ya sakar masa ita da araha. Ja ce, gajeriya, cikinta kusa da ƙasa, ƙofa biyu kacal. Mai kaɗan take sha, ga gudu, kuma tana kutsawa lungun da babbar mota ba ta isa ta shiga ba.

Na zagaya ta sau ɗaya na ce, "Ina sauran ƙofofin?"

"Baffa, haka ake yayinta. Kujerar gaba ake kwantarwa, mutum ya sunkuya ya wuce baya."

"Har mai rawani?"



Matarsa Saude 'yar Konduga ce, tana da cikin fari. An shirya mayar da ita gida haihuwa bayan salla, sai naƙuda ta riga salla zuwa. Da hantsi ungozoma ta fito ta ce yarinya ta tsorata, ba ta kiran kowa sai uwarta. Motar haya kuwa ba ta zuwa Konduga sai ranar kasuwa, saura kwana uku. Nasidi ya tada jar motarsa ya tafi ɗauko uwar. Gaskiya dai a faɗe ta, tafiyar da ake yi a awa biyu ya yi ta a minti arba'in.

Abin da ya faru can, Ba'ana ne ya ba ni labari, ƙanin Saude, mai gyaran keke. Nasidi ya cire takalmi, ya durƙusa gaban surukinsa Ba Ajimi a gindin darbejiya, ya faɗi abin da ya kawo shi. Uwar Saude, Ya Aisa, ta fito da ƙullin kaya da kwalbar man shanu. Ta leƙa motar. Surukuwa ba ta magana da mijin 'yarta kai tsaye, don haka ɗanta ta juya wa.

"Ba'ana, gaya wa mutumin nan ba na zama kafaɗa da kafaɗa da shi."

Aka kwantar da kujera don ta wuce baya. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Ta sa ƙafa ɗaya, ta sunkuya, gwiwa ta ƙi. Ta ja da baya ta zauna a ƙasa.

"Gaya masa ramin ɓera ya sayo. Zan jira motar kasuwa."

Nasidi na tsaye, gumi na zuba. Ba ya iya musu da ita, ko fuskarta ba ya iya kallo. Ba'ana kuwa sai dariya.

"Kai Bakano, a ƙofa ta biyu kuɗin naka ya ƙare?"

"Ba'ana, yayarka na kan gwiwa."

Dariya ta tsaya. Ba'ana ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin kujerar, ya ga noti huɗu ne ke riƙe da ita. Ya ɗauko sifanar keke. Nan da nan ya fito da kujera, ya jingine ta a gindin darbejiya. Ya Aisa ta shiga ba wahala, ta juya ta zauna a baya, ta miƙe ƙafa kamar a kan tabarmarta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

 Duk hanya sau ɗaya ta buɗe baki, da yake babu Ba'ana, sai ta ce, "Ke mota, ƙara sauri." Mota ta ƙara.

Sun iso kafin azahar. Kafin la'asar Saude ta sauka lafiya, 'ya mace, hannunta a cikin na uwarta.

Bayan suna Nasidi ya mayar da tsohuwa, da niyyar ɗauko kujerarsa. Ya tarar da Ba Ajimi a kanta, an shimfiɗa buzu, carbi a hannu, dattawan unguwa na zaune a ƙasa kewaye da shi.

"Madalla da wannan kyauta, ɗana. Tun da na same ta bayana ya daina ciwo."

"Allah ya ƙara lafiya, Baba," in ji Nasidi a durƙushe.

Da ya dawo na leƙa na ga gurbin yana nan wayam.

"Baffa, ko in je in ce ya tashi?"

"Ba ka isa ba. Ko a mafarki."

Shekara shida motar ta yi a hannunsa babu kujerar gaba. Gurbin na cin ɗaurin fata biyu, ranar kasuwa har uku. Ni ma tun daga lokacin na fara shiga, kuma rawanina bai taɓa tuɓewa ba.