Gishiri a Wuyan Akawal

Ina kan keken ɗinki na ji an shigo da doki layinmu, kofato na jan ƙasa. Na leƙa. Akawal, baƙin dokin maƙwabcina, ya yi sharkaf da gumi, cinyoyinsa na rawa. Autan gidan ne ke janye da shi, kansa a sunkuye. Shi ya hau shi a tseren ranar, ya kuma ƙure shi.

Ni da dokin nan ba ma ga maciji. Ƙudansa a ɗakina suke yini, warin turkensa a kayan mutane yake kwana. Amma ranar tausayi ya ba ni.

Likitan dabbobi ya zo, ya ɗebi jini a wuyansa, ya ɗiga a wata ƙaramar na'ura.

"Gudun ya fi ƙarfinsa," in ji shi. "Tsami ya taru a jininsa, gishirin jikinsa kuma ya fita ta gumi. A riƙa zagayawa da shi a hankali har numfashinsa ya dawo, ya sha ruwa da wannan garin. In bai sha ba, ban ba ku tabbas ba."

Auta ya ja linzami, doki ya kafe. An kawo bokitin ruwa da garin a ciki, ya kau da kai. Nan fa mai gidan ya fito, dafe da bango. Baba Mai Doki muke ce masa. Bai daɗe da dawowa daga asibiti ba. Zuciyarsa ta kumbura, an ce ko tsakar gida kada ya zagaya.

'Yarsa Malama ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, don girman Allah ka koma ka kwanta."

"Shi ma kwanciyar yake so. In ya kwanta ya tafi."

"Ga Auta nan ai."

"Auta ya gama nasa aikin."

Ya karɓi linzamin. Bai ja ba, wata 'yar magana kawai ya yi masa a kunne, sai ga doki ya ɗaga ƙafa.

Suka kama hanya, daga ƙofar gida zuwa shagon mai faci, su juyo. Ni na bi su da bokiti, ina masifa, don bakina ba ya shiru.

"Baba, tsufa dai bai hana ka taurin kai ba. Doki ake saya, uba fa?"

"Maƙwabciya, yau ke ce mai ɗaukar wa Akawal ruwa? Ashe zan ga wannan ranar."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, a kansa kawai yake takawa. Tun yana jan dokin har ya koma dafa wuyansa, aka rasa wa ke riƙe da wani. Na ji haushinsa, na ji tsoro, ban kuma iya ƙwace linzamin ba. Auta na biye da mu daga nesa, ya kasa matsowa.

Da rana ta karkata, rawar cinyar ta tsaya. Baba ya tsoma hannu a bokitin ya shafa wa dokin a leɓe. Akawal ya lasa, ya sunkuya, ya fara sha. Muna jin ruwan na wucewa ta maƙogwaronsa.

"To, alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ku ba ni kujera."

Kafin Malama ta fito da ita, ya zame ya zauna a gindin bangona. Na ɗauka hutawa yake. Sai da na kira shi na sake kira, sannan na ajiye bokitin.

Washegari, bayan an dawo daga maƙabarta, na shiga yi wa Malama gaisuwa. Na tarar da Auta a turke, buroshi a hannunsa, ya tsaya cak. Gumin jiya ya bushe a jikin Akawal, ya yi fari fat da gishiri. A wuyansa ne kawai baƙin ya fito, daidai inda Baba ya dafa, yatsu biyar da tafin hannu.

Auta ya goge bayan dokin, ya goge cinyoyi, ya bar wuyan.