Tsohon Fom a Teburin Inna Kati

Shekara ashirin da shida Inna Kati ta yi a ɗakin kati na asibitin, har sunanta na yanka ya ɓace. Ita ta koya wa kowa aiki a ɗakin, ita ce kuma mai faɗa in an bar gurbi ba a cike ba.

Tsarin da Injiniya, mai kula da kwamfutocin asibitin, ya kafa ba shi da wuya. Bayanan marasa lafiya suna cikin babbar kwamfuta a ofishinsa. Abin da ke teburin kowa fom ne kawai na shigar da bayani. Duk safiya in ka buɗe shi, kwamfutarka za ta leƙa babbar ta ga ko an yi sabo, in akwai ta ɗauko ta maye gurbin tsohon. An huta da yawo tebur-tebur.

Ana cewa tsofaffi tsoron sabon abu suke yi. Masu faɗin haka ba su taɓa zama sun tambayi tsohuwa ba. Inna ba ta tsoron komai. Sabon fom ɗin ne ya zo da rubutu mitsi-mitsi kamar ƙwan kwarkwata, idonta kuwa ya fara dishi-dishi, ko 'yarta ba ta gaya wa ba. Sai ta lalubo tsohon fom a inda kwamfuta ke ajiye shi, ta jawo shi gaba, ta ci gaba da aikinta. Har wani daɗi ta ji na wayonta.

Sai dai sabon yana da gurbin da tsohon ba shi da shi: maganin da jikin mutum ba ya karɓa.

Mako uku bayan haka aka yi wa wani tela allura, jikinsa ya kumbura, da ƙyar aka shawo kansa. Matarsa ta rantse ta faɗa a ɗakin kati cewa jikinsa ba ya karɓar maganin. Inna ta tuna matar sarai, har da mayafinta ruwan toka. Ta tuna ta ce mata to, ta rasa inda za ta rubuta, ta ce a ranta ai nas za ta sake tambaya.

Da aka duba, kati ɗari biyu da goma sha biyu gurbinsu fayau. Da yake duk teburan da suna ɗaya suke shiga, ba a san na wa ba ne. Babban likita ya ce tsarin Injiniya ne ke zubar da bayani, in bai kawo dalili kafin taron Alhamis ba, ya nemi wani wurin.

Injiniya ya bi teburan yana duba lambar da ke kusurwar fom, mai nuna sabo ne ko tsoho. Ko'ina sha biyar. A teburin Inna, sha huɗu. Ya daɗe yana kallo. Wannan yaro a goye uwarsa ta kawo shi, Inna ce ta yanka masa katinsa na farko.

"Sannu da aiki, Inna," ya ce, ya wuce.

Gara ma da ya zage ta. Ranar ko abincin da ta zo da shi ba ta buɗe ba.

A taron ya ce har yanzu yana bincike. Likita ya fara tattara takardunsa. Inna ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ku bar yaron nan. Ni ce. Ba na ganin rubutun, na ji nauyin faɗa, na koma kan tsohon fom a ɓoye."

Ba wanda ya dube ta, wannan ya fi komai ciwo. Likita ya ce ta je ɗakin ido yau-yau, katunan nan kuma ita za ta cike su.

Washegari kowa ya buɗe kwamfutarsa, lamba sha shida ta sauko da kanta, rubutu manya-manya a duk teburan asibitin, har ɗakin magani. Kowa ya san dalili.

"Inna, albarkacinki yau ko daga bakin ƙofa ma karanta," in ji abokiyar aikinta, tana matso da kujera don ta taya ta.

Inna ta gyara sabon tabarau, ta jawo jerin katunan, ta fara da lambar wayar matar tela.